Mutumin da Ya San Sunan Karen

Lorna tana sayar da kayan ɗakinta a ƙofar gida don a yi wa karenta aikin ƙugu, sai wani ƙato ya tsayar da mota. Ya ƙura wa karen ido, ya ce, "Tucker!"

Karen ya ja ƙafa ya nufe shi. Lorna ta gane mai karen ne ya zo. A titi ta tsinci karen, kuma tunda mijinta ya kwanta ciwo, karen nan kaɗai ke sa shi dariya.

"Don Allah, malam, kar ka raba mu da shi. Kuɗin aikin ƙugunsa ma nake tarawa."

Mutumin ya durƙusa yana hawaye. "Baiwar Allah, wata biyu likitoci suka ce ya rage min. Hannun da zan bar shi na zo gani. Nawa ne aikin?"