Kwamfutar Ranar Laraba

Fanka na juyawa, 'yar koriyar fitilar na ci, amma gilashin baƙi ƙirin. Malam Gwadabe ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa, ya kara kunnensa a jikin akwatin. Ko ɗan kukan nan da take yi idan ta farka lafiya bai ji ba.

Ya dubi agogon bango. Sha ɗaya ta wuce. Yau Laraba, kuma ranar Laraba da tsakar rana ake tashin yara a makarantar da ke unguwar Tsinga. 'Yarsa Raliya ba ta san hanyar gida ba, ga titin nan da 'yan moto masu haya da babur ba sa raga wa kowa. Tun rasuwar uwarta shi ke zuwa ɗauko ta, bai taɓa bari ta tsaya jira a bakin ƙofa ba.

Mai kwamfutar, wata mata da za ta kai shekara arba'in, ta zauna a kan benci ta tare hanyar fita. Ya roƙe ta ta bari sai la'asar. Ta ce ita ba inda za ta, aikinta duk yana ciki, kuma ai shi da hannunsa ya kwance murfin.

Nan ta kama shi. Duk unguwar Briqueterie ta Yaoundé an san Malam Gwadabe ba ya tashi ya bar na'ura ciki a buɗe. Haka maigidansa ya hore shi a Kano tun zamanin gyaran rediyo: abin da ka buɗe amana ne, ba ka sa takalmi sai ka rufe shi yana aiki. Ko salla a gefen tebur yake yi.

Ya fara daga waje, kamar kullum. Ya cire shuɗiyar wayar da ke haɗa gilashi da akwati, ya hura ramukan, ya duba ko wani haƙori ya lanƙwashe, ya mayar ya ɗaure. Baƙi. Ya jawo tsohon gilashin da ke ƙarƙashin tebur ya gwada, shi ma baƙi. Ciwon dai na ciki ne.

Cikin kuwa tsaf yake. Kwamfuta mai waɗannan shekaru a Yaoundé, kamata ya yi jar ƙura ta yi mata bargo, har da gawar kyankyaso. Wannan ko ɗigo babu. Kan kusoshin ma duk ya cinye. Ya tambayi matar ko ta kai wa wani kafin shi. Ta ce ba ta taɓa ba kowa ba sai shi.

Ta ƙarafunan taga hayaƙin masu soya, wato masu gasa nama, na shigowa, hadari kuma ya haɗo. Maza cikin fararen kaya, darduma a kafaɗa, sai gangarawa suke yi masallaci. Ya yi mamakin irin wannan taro ranar Laraba, ya ce a ransa wataƙila wani babba ne ya rasu.

Ya ɓamɓare ɗan batirin nan mai kama da maɓallin riga, ya jira, ya mayar. Baƙi. Ya koma kan shuɗiyar wayar, yana cikin hurawa ya ji kamar ya riga ya yi wannan. Matar ta turo masa kofin shayi, ba sukari, da ɗan citta, daidai yadda yake sha. Bai ko kalle ta ba. Da ƙafa yake laluben takalminsa a ƙarƙashin tebur, bai same shi ba.

Sha biyu ta buga, ruwa ya kece. Yana ganin Raliya a zuciyarsa, ta rungume jaka a jikin katanga, yara suna watsewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye sukundireba ya juyo wajen matar.

"Baiwar Allah, ki dubi Allah. Yarinya ce ƙarama. In je in dawo."

"Baba, saura kaɗan. Ba ka duba baret ba."

"Yanzu kuma ke za ki koya mini aikina?"

Ya dai duba. Baret ɗin, wato ɗan siririn allon da kwamfuta ke riƙe tunaninta da shi, ya ɗaga ta gefe guda, maƙallinsa a buɗe. Ya zare shi, ya goge haƙoran da gom, robar goge fensir irin ta 'yan makaranta har suka yi ƙyalli, ya danna shi ya ji ya ce ƙas. Ya kunna. Kuka ɗaya, gilashi ya yi haske.

Ya ɗaure murfi a gurguje ya miƙe, ba takalmi, zai fita haka. Matar ba ta matsa ba. Ta ce masa ai maƙwabciyarsu Zaitun ta biya ta makarantar ta taho da yarinyar, ta ga shigarsu gida tun ɗazu.

"Ruwa bai dake ta ba?"

"Bai taɓa ta ba, Baba."

"Ta ci abinci?"

"Ta ci ta ƙoshi. Tana ta yi maka addu'a."

Ya yi hamdala. Ya zauna a kan tabarma, daga nan ya kishingiɗa. Kafin liman ya gama huɗuba barci ya ɗauke shi.

Matar ta lulluɓe shi da mayafinta. Ta fito da takalminsa daga ƙarƙashin bencin ta ajiye a inda zai gani. Sannan ta kwance murfin kwamfutar, ta sa babban yatsa ta ɓalle maƙallin baret ɗin ta gefe guda, ta mayar da murfin saboda gobe. Haka take yi kullum, tun ranar da aka tsinto shi a unguwar Nkomkana, jiƙe sharkaf, yana tambayar 'yan moto hanyar wata makaranta da aka rufe tuntuni.

Daga tsakar gida mijinta, da ya dawo daga Juma'a, ya yi sallama a hankali ya ce, "Raliya, Baba ya kwanta?"