Matar da Aka Bari a Mirriya

Sharifa tana tsaye a matakalar gidansu na unguwar Bani Malik a Jidda sa'ad da saurayinta Maman Lawali ya fito daga wurin mahaifinta. Gaisuwa ya zo yi kafin manyansa su shigo maganar aurensu, amma ga shi ya kasa haɗa ido da ita.

"Abuya ya hana ne?" ta tambaye shi.

"Bai hana ba. Tarihin gidanku ya ba ni. Yadda kakansa Malam Ɗangoje ya taso a ƙasa daga Mirriya ta Nijar, shi da jakinsa, ya ratsa Sudan, ya iso Jidda ba shi da kowa a duniya."

"Duk baƙon da ya zo sai ya ji labarin nan. Shi ne ya tayar maka da hankali?"

"Yana da kowa, Sharifa. Mace ya bari da ciki. Bai sake ta ba, bai aiko ba, ba a ji mutuwarsa ba balle ta yi takaba. Haka ta tsufa da igiyar aurensa a kanta. Kakar mahaifiyata ce. A gidanmu ko sunansa ba a kira."

Sharifa ta damƙe ƙarfen matakalar. "Halas, maganarmu ta ƙare ke nan?"

"A'a, wallahi. Bari in je Nijar in lallashi Inna. Ki jira ni, zan dawo."

Ta dube shi.

"Shi ma haka ya ce mata, ko?"