Ƙasimar Jannat

Zubaidatu tana cikin tura yara goma sha ɗaya ɗakin katifu na saman bene ta ji an rufe ƙofar mota a waje. Ta ɗora yatsa a leɓe, ta ja musu ƙofa, ta sauko.

Raudar ƙarama ce, makarantar 'yan shekara biyar a wani lungu na unguwar Zahir. Sunan kafilinta, ɗan ƙasar da ya tsaya mata, shi ne a lasisi, amma wahalar duk tata ce. Abin da ke riƙe da wurin shi ne ƙasima, takardar da gwamnati ke ba ɗan ƙasa ya kai makarantar kuɗin da iyayensa suka zaɓa, ita ta biya. Ƙasima ashirin da biyu gare su, kuma da ɗan abin da ya ragu take koyar da 'ya'yan unguwar Nakkasa marasa iƙama, wato takardar zama a ƙasar, waɗanda ko sunansu babu a rajista. Ranar da aka gano, a rufe makaranta, ita kuma a kai ta tarhil, inda ake tsare baƙin da za a kora, a sa ta a jirgin Kano da kayan jikinta.

Kuma duk cikin masu duba makarantu ba a turo kowa ba sai Abla Amatullahi. Ita ce ta miƙe a taron malamai ta ce kowane riyal na ƙasima daga bakin makarantun gwamnati aka fizgo shi. Bara ta rufe rauda biyu a unguwar Jarwal ba ta ko zauna ba.

Yaran sama dai an ɓoye su. Wadda ba ta ɓoyuwa ita ce Jannat, lamba goma sha tara a rajista. Takardarta ta 'yar ƙasa ce tsaf, Jannat Mukhtar Yunus, amma Hausar Sakkwato ce a bakinta, kuma kullum wata tsohuwa mai sayar da tuwo, Ɗaso, ke kawo ta a ƙafa daga Nakkasa. Ba a taɓa ganin uwa ko uba ba. Tun ranar farko Zubaidatu ta yanke a ranta cewa takardar sayo ta aka yi. Ta kau da kai ta karɓa, don ƙasima ɗaya tana ɗaukar nauyin yaran sama uku.

Ta leƙa ta taga. Ɗaso, da ya kamata a ce ta ɓace, tana zaune daram a bakin ƙofa. Abla ta zo wucewa ta ɗan rage tsawo, kamar takalminta ya zame, sannan ta shigo ta ɗage niƙabi.

Ta ƙi gahawa. Ta karɓi rajista ta shiga aji, tana kiran suna da Larabci mai kaifi, ta dubi fuska, ta dubi hoto, ta yi wa yaro tambaya ɗaya. Goma sha bakwai. Goma sha takwas.

Da ta zo goma sha tara, sai ta ƙi kiran sunan.

"Wadda ke biye," ta ce, idonta a bango.

Jannat ta miƙe ta sunkuyar da kai. Abla ba ta dube ta ba, ba ta dubi hoton ba, ba ta tambaye ta komai ba. Ta wuce ashirin, ta kira sunan nan raɗau.

Zubaidatu ta bi ta da kallo. Abla ta sani ke nan. Wa zai ɓata bakinsa da sunan da ya san na aro ne? Haka aka ce tana yi: ba faɗa, ba zagi, sai dai bayan kwana uku a ga mota a ƙofa.

Abla ta sa hannu a takarda, ta rufe fayil, ta ce, "Ɗayyib," wato shi ke nan, ta nufi tsakar gida. An ce wanda ya faɗi laifinsa da bakinsa akan sassauta masa. Zubaidatu ta bi ta da gudu, ta durƙusa a kan siminti mai zafi.

"Ya Abla, don Allah ki rufa mini asiri. Na san takardar yarinyar nan ba tata ba ce, na sani na karɓa. Wallahi ba don cikina ba. Akwai yara goma sha ɗaya a sama, ba su da iƙama, ba su da inda za su. Saboda su na yi."

Abla Amatullahi ta tsaya. Ta ɗaga kai ta dubi tagar ɗakin katifu, inda wata 'yar fuska ta yi wuf ta noƙe. Sannan a hankali ta buɗe fayil ɗin da ta riga ta rufe, ta zare biro, ta yi magana da Hausar Sakkwato zalla.

"Malama, ku a gidanku uwa na kiran sunan ɗiyatta ta fari?"