Bargon Inna

A gidanmu na Kwarbai, kakata Inna tana da wani bargo mai kauri da ta ɗinka da tsofaffin zannuwanta. Kullum ƙamshin turaren wuta yake yi.

Wata rana da la'asar, an ɗauke ruwan sama ke nan, ta ce da ni, "Lulluɓe ƙanenki har kansa, kada sanyi ya shige shi." Ko arba'in bai yi ba. Na lulluɓe shi.

Sai ga Gwaggo, ƙanwar babana mai aikin jinya. Ta fizge bargon tana salati, ta jefo mini shi. Yaron ya jiƙe sharkaf da gumi.

"So kike numfashinsa ya ɗauke?"

Inna ta ce, "Ke ma a cikinsa kika yi barci, ga ki nan da ranki."

"Allah ne ya tsare, Inna."

Aka bar ni tsaye rungume da bargo. To, sanyi ne ke kisa, ko bargo?

Yau na san Gwaggo ce da gaskiya, riga mai kauri kawai nake sa wa jaririyata. Amma da hadari ya haɗo, sai in tsinci hannuna a kan bargon Inna.