Shuni a Farce

Morenike ta ɓoye hannayenta ƙarƙashin tebur, amma saurayinta Akinwale ya riga ya ga faratan, shuni ya kama su. Duk Asabar, in ba aikin banki, takan je koyon rini wajen tsofaffin matan Abeokuta.

"Nike, ki daina na sati biyu kawai, ya goge," ya ce a hankali. "Mama za ta zo ganinki. Ma'aikaciyar banki na ce mata zan aura."

"Kunyata kake ji?"

Ya kawar da kai.

Ta ɗora hannayen kan tebur. "Jiya aka sayi zanena na farko, Akin. Ba zan daina ba."

Ya daɗe yana kallon yatsunta. Zoben na aljihunsa, amma bai fito da shi ba.