Wanda Ya Tona Asirin Jiragen

Sau uku Kwamanda Kearney yana ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa ƙofar Galiema, sau uku yana fasawa. Mutumin da ake ƙame wa a duk tashar jiragen ruwan yaƙi ta Simonstad, ga shi yana raɓe-raɓe kamar wanda ya zo roƙon gishiri.

Shekara huɗu ke nan da ya kama mijinta, Salie mai wanki. Lokacin yaƙi ya yi zafi, duk ayarin jiragen da ya bar tashar sai ya tarar da jiragen maƙiya na ƙarƙashin ruwa suna dakonsa. Kearney ya san ranakun tashi, shi kuma aka ɗora wa gano mai kai tsegumi. Abin ya ci masa rai, don mutum ne mai ibada, ba jirgin da ya taɓa fita bai je coci ya roƙa masa tsari ba.

Ya yi tunaninsa na masu ilimi, ya faɗa kan Salie. Wa zai riga mai wanki sanin ranar tafiya, alhali hafsoshi kan zo kwasar fararen kayansu ana gobe? Salie ya rantse har ya gaji. Tari ya kashe shi a tsare. Jirage ba su fasa nutsewa ba, amma an riga an maƙala wa Kearney lambar yabo.

Yanzu yaƙi ya ƙare, takardun maƙiya sun iso teburinsa, ya zo wanke sunan mamaci.

Galiema ta buɗe da kanta, hannunta duk kumfa.

"Ranka ya daɗe, yau kuma wa aka zo ɗauka? Daga ni sai kyanwa muka rage."

"Baiwar Allah, mijinki ba shi da laifi."

"Sai yau ka sani? Duk unguwa matar maci amana ake ce min. To waye? Faɗi sunansa in tsine masa."

"Ana... ana kan bincike."

Ƙarya yake yi, kunya kuma kamar ta kashe shi. Ta maida ƙofa ta rufe.

A kan matakala ya zaro ɗaya daga takardun maƙiyan, ya sake karanta rahoton ɗan leƙen asirinsu, wani tsoho mai share coci: "Ba na bukatar kowa. Ana gobe tafiya Kearney yakan zo ya kunna kyandir, ɗaya don kowane jirgi. Ni dai ƙirgawa nake."