Kwalin Ashanar Kawu Bawa

Kawu Bawa ne ya gurgunta ni, da gangan, don a yi dariya.

Yana da gidan kallon bidiyo a Illo, daga Benin ake kawo masa kaset. Wata la'asar, ina yaro, aka sa fim, wani ya diro daga saman bene, ya sauka a tsaye, ya kaɗe rigarsa. Na tambayi Kawu yadda aka yi. Ya san haɗin na'ura ne, da bakinsa yake gaya wa manya haka. Amma ni sai ya ce, "Laya ce, ɗana. Ga irinta."

Ya miƙo mini kwalin ashana naɗe da baƙin zare, yana warin fetur ɗin janareta. Ya nuna motar shinkafa da aka lafta wa buhuna. "Hau can ka diro mu gani."

Na hau, na damƙe kwalin, na diro. Dariyar Kawu da 'yan kallo na fara ji kafin zafin ƙafar. Mai ɗori ya ɗaure, ƙashin ya haɗe a karkace. Yau yarana suna nuna mini a waya yadda ake rataye ɗan wasa da igiya, kwamfuta ta goge igiyar. Ni nawa ɗingishin bai gogu ba.

Bara zai tafi Makka, ya zo neman gafara har ƙofar gidana. Ko tabarma ban ba shi ba. Na ce, "Kawu, ban yafe ba. Je ka yi ɗawafinka da ƙafa biyu. Maganata da kai sai gaban Allah."